NOK, ƘAUYEN MANOMA DA SUNANSA YA ZAGA DUNIYA

Idan aka ce wa yaran makaranta su lissafa garuruwan Arewa masu tarihi, nan da nan za su ambaci Daura da Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato. Da wuya wani ya tuna da Nok. Ga shi kuwa a manyan makarantun Turai da Amurka duk wanda ya karanta labarin Afirka ta dā ya san sunan nan, alhali ƙauyen bai kai unguwa guda ta birnin Kano ba. Hausawa sun ce kada a raina allura, ƙarfe ce.

Inda Ƙauyen Yake

Nok yana kudancin Jihar Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Jaba, kusa da Kwoi, wajen mil 20 yamma da Kafancan. A zamanin En'e ƙasar tana cikin Lardin Zariya. A 1967 ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sāke wa suna Kaduna a 1976. Mutanen wurin suna kiran kansu Ham, Hausawa kuwa suna ce musu Jaba, sarautarsu babba ita ce Kpop Ham, mazauninta Kwoi.

Ƙauyen yana gindin duwatsu ne, waɗanda a zamanin hare-hare suka zama mafakar mutane da rumbunansu. Damina tana farawa cikin Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, saboda haka ƙasar ta fi ta Kano da Katsina laima da duhuwar itatuwa. Suna noman acca da dawa da doya da gwaza, amma abin da ke kawo musu kuɗi shi ne citta, wadda aka soma nomanta don sayarwa a kudancin Zariya tun wajen 1927. A 2023 wata cuta ta faɗa wa cittar yankin, ta ruɓar da ita a cikin ƙasa, manoma da yawa suka yi hasarar wahalar shekara.

Yadda Kuza Ta Tono Asiri

Abin da ya fito da sunan Nok ba noma ba ne, kuza ce. Shekaru aru-aru ruwa yana zaizayar duwatsun yankin, yana kwararo da yashin kuza yana jibgewa a kwaruruka. Ruwan nan ya haɗa har da kayan mutanen dā ya binne su tare da kuzar, wani wuri zurfin ya fi ƙafa 20.

A 1928 leburorin wani Bature mai haƙar kuza, Kanar Dent Young, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a Nok. Aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya kula da shi sosai. A 1943 aka sāke tono wani kai, na siffar mutum, a wata mahaƙa kusa da Jama'a. Akawun mahaƙar ya tafi da shi gida, ya kafa shi a gonarsa ta doya don ya tsorata dabbobi masu ɓarna. Daga bisani kan nan ya isa hannun Bernard Fagg, wani ma'aikacin mulki wanda ya koyi ilmin tonon kayan tarihi a Jami'ar Kambirij. Da ya gwada shi da na 1928, sai ya ga aikin iri ɗaya ne.

Fagg ya bi mahaƙai yana roƙon leburori kada su fasa abin da suka tono, har ya tara masu yawa. Bisa al'adar masana, akan sa wa irin wannan sunan wurin da aka fara samunsa, don haka ya kira shi Al'adar Nok. Watau sunan ƙauyen aka ara wa mutanen dā, ba su suka kira kansu haka ba. An sami ayyukansu tun daga Kagara a yamma har Katsina Ala a kudu maso gabas. A 1952 aka buɗe gidan ajiye kayan tarihi na Jos, kawunan Nok suna cikin manyan kayansa.

Mai son gane aikin Nok sai ya dubi ido. Yakan zama mai kusurwa uku, da rami a ƙwayarsa, hanci da baki da kunne su ma a huje, cikin kan kuwa fanko ne kamar tukunya. Ramukan nan suna barin iska mai zafi ta fita lokacin gashi, don kada yumɓun ya tsage. Ga kitso iri-iri, ga duwatsun wuya da warwaro, duk an fitar da su dalla-dalla.

Su Ma Manoma Ne

Abin da ruwa ya kwaso ya gauraya yana da wuyar sanin shekarunsa. Sai bayan 1960, da Fagg ya yi tono a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, ya tarar da gumakan a mazauninsu tare da murahun narka tama. Aka auna gawayin murahun, aka ga mutanen nan sun iya ƙarfe ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa.

Tun daga 2005 masana na Jami'ar Goethe ta Jamus, a ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, suka yi shekaru suna tono tare da ma'aikatan Nijeriya. Bincikensu ya nuna an soma zaman nan tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, gumakan kuwa sun soma wajen shekara 900 kafinta. Sun sami ƙonannen gero da wake da ƙwallon atile, a 2021 kuma aka bayyana cewa an gano kakin zuma a jikin tukwanensu. Ashe masu wannan gwaninta ƙananan manoma ne, mazauna ƙauyuka, kamar mutanen Nok na yau.

Hasarar Da Ake Yi

Da gumakan suka yi tsada a Turai, sai masu haɗama suka shiga sa matasa tono a ɓoye, musamman bayan 1990. Wurare masu yawa sun zama ramuka. A 2000 aka baje waɗansu gumakan Nok a babban gidan tarihi na Faris, aka yi ta cece-kuce, har a 2002 Faransa ta yarda cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

To, ko an dawo da gunki, akwai abin da ba ya dawowa. Gawayi da ƙwayar gero da tsingaro da ke kewaye da shi su ne shaidun da ke faɗin shekarunsa da zaman masu shi. Mai tonon sata kuwa watsar da su yake yi. Dokar 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikin irin kayan nan da fitar da su waje ba da izni ba.

Saboda haka muna jan hankalin malaman makaranta da akawuna, tun da su ne ke kusa da talakawa. Idan fartanyar manomi ta tono kan yumɓu, ko tsohuwar tukunya, ko kashin maƙera, a gaya masa ya bar abin a wurinsa, ya sanar da dagaci, dagaci ya kai magana gaba. Malami kuma ya ɗauki yaransa su zaga kufai da ganuwa da tsofaffin rijiyoyin garinsu, su tambayi dattawa, su rubuta. Akawun nan na Jama'a bai san darajar abin da ya kafa a gonarsa ba, amma da yake bai fasa shi ba, ga shi yau ana karanta labarinsa.