Sabon kai, tsohon shasi: wace ce motar a idon doka?

Bara na ƙudiri aniyar tayar da tsohuwar Marsandi 911 da mahaifinmu ya bari. Kan motar ya ruɓe, sai bakanike ya samo mini na wata da ta yi hatsari, aka ɗora, aka yi fenti. Murna ta koma ciki ranar da aka tsayar da direbana a hanya, domin lambar farantin sabon kan daban, wadda aka buga a shasi daban. Kwana uku motar ta yi a tsare da kayan mutane, kafin na kawo rasidin sayen kan.

Darasin da na koya shi ne, takarda shasi take bi, ba fenti ba. Duk mai sauya kai ko bodi ya adana shaidar inda ya samo shi, ya sanar da ofishin lasisi, kada kuma ya yarda a kankare lamba ko a sake buga ta, domin wannan sana'ar ɓarayin mota ce, haka kuma hukuma za ta ɗauka.

Saura batun hayaƙi. Tun 2011 Nijeriya ke da ƙa'idojin taƙaita hayaƙin injinan fetur da dizal a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma sai mu zuba kuɗi a ado, mu bar injekta da nozul yadda muka same su. Sabon kai ba ya rage baƙin hayaƙi ko kaɗan. Yaran da ke talla a bakin titi su ne ke shaƙar abin da muka ƙi gyarawa.