Ruwan Lagireto: Kada Launi Ya Ruɗe Ka

Yanzu damina ta ƙarato, masu tarakta sun fara fito da su daga rumfa, ana juye baƙin mai, ana duba taya da garma. Akwai abu guda da na lura ba a cika kula da shi ba, watau ruwan da ke cikin lagireto. Yau a kansa za mu tsaya, kuma maganar ta shafi mai babbar mota da ke ɗaukar hatsi, da akawu mai ƙaramar motarsa, duk ɗaya.

Bara war haka aka kira ni wani ƙauye in duba taraktar wata ƙungiyar manoma. Ga ruwa ya sauka, ga gonaki suna jiran huɗa, ita kuwa tana tsaye gindin bishiya fiye da mako guda. Da bakanike ya buɗe murfin lagireto sai muka ga wani abu mai kauri, launin laka, kamar kunun da ya kwana. Na tambayi direba abin da ya ke zuba mata. Ya ce shi dai bai taɓa barinta da ƙishirwa ba: yau ruwan rijiya, gobe na kududdufi, in ya sami kuɗi ya sayo koren ruwa a kasuwa, daga baya ya koma ja domin mai shago ya ce masa ja ya fi ƙarfi. Juyewa kuwa, tun da aka sayo taraktar ba a taɓa yi ba. Hanyoyin lagireto sun toshe, inji ya yi zafi, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Masu shanun huɗa suka koma ga shanunsu, waɗanda ba su da su suka makara da shuka.

To, mene ne wannan ruwa mai launi da 'yan kasuwa ke kira kulant? Abu uku ne a haɗe. Akwai ruwa, akwai wani sinadari mai yauƙi da a ke kira gilaikol, sa'an nan akwai ɗan maganin tsatsa. Turawa suka fara amfani da gilaikol saboda sanyin ƙasarsu, domin a can ruwa yana daskarewa a cikin inji, ya kumbura, ya tsaga ƙarfe. Tun 1927 a ke sayar da shi a Amurka da sunan Prestone. In aka gauraya shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri.

Nan ne mutanenmu su kan ce, mu da ko hunturunmu bai isa ya daskarar da ruwan randa ba, ina ruwanmu da shi? Amsa tana wurin sauran aikinsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, a kan tudu irin na Jos ma tun wajen 96. Mai rabin gilaikol sai ya kai wajen 108, in kuma murfin lagireto yana riƙe iska yadda ya kamata, ya kan kusa 129 kafin ya tafasa. Wanda ya taɓa huɗa da rana tsaka a watan Mayu ya san amfanin wannan rata. Amma babban aikin, a ganina, na maganin tsatsa ne. Cikin inji akwai baƙin ƙarfe, da goran ruwa, da tagulla, da dalma a lagireton da, kuma in ƙarafa iri iri suka zauna cikin ruwa guda mai zafi, wani ya kan ci wani. Maganin nan shi ke lulluɓe su. Yana ƙarewa a hankali, ko da ruwan bai ragu ba, shi ya sa a ke juyewa a sa sabo.

Gilaikol kusan iri ɗaya ne a kowane galan. Maganin tsatsa ne ya bambanta, kuma shi ne tushen dukan rikicin. Na da, wanda galibi a ke rina shi kore, ana yinsa da silikat da fosfat, wannan fosfat ɗin da kuka san sunansa a takin supa. Yana shafe ƙarfe da sauri kamar an yi masa fenti, amma ba ya daɗewa, shekara 2 an gama da shi. A jikin galan a kan rubuta IAT. Wajen 1995 kamfanin General Motors na Amurka ya fara zuba wani sabo mai launin lemo a motocinsa, sunansa Dex-Cool, aka ce yana kai shekara 5 ko mil 150,000. Wannan iri shi ne OAT. Ba ya shafe ko'ina, inda tsatsa za ta kama kaɗai ya ke zama, saboda haka ya ke jimawa. Akwai kuma na tsakiya, HOAT, watau sabon iri da aka ƙara wa ɗan silikat ko ɗan fosfat.

A nan ma masu ƙera motoci ba su zama baki ɗaya ba. Na Turai su kan guji fosfat, domin ruwan ƙasashensu da yawa yana da sinadarin farar ƙasa, in ya haɗu da fosfat sai ya kwanta ya yi ɓawo. Na Japan kuwa silikat su ke gudu, suna cewa yana cin robar famfon ruwa. Mu kuma motocinmu 'yan Kwatano ne, wannan daga Jamus, waccan daga Amurka, kowace ta zo da ruwan gidansu a cikinta, mu tarbe su duka da galan guda.

Launin da ka ke gani rini ne kawai, kuma babu wata doka da ta ɗaure dukan kamfanoni a kan wane launi za su ba wane iri. Shuɗin da Honda ke zubawa babu silikat a cikinsa, shuɗin da aka daɗe ana zuba wa BMW kuwa da shi. Ga su a kwalba ba ka iya rabewa, amma kama da wane ba ta wane. Saboda haka kada ka ce wa yaro, je ka sayo ja. Ka duba littafin motar ko na taraktar, ka kwafe sunan ko lambar da aka rubuta, ka nemi galan da ke ɗauke da ita. In ba ka karanta Turanci, akawun ƙungiya ko malamin gona zai duba maka. Galan da babu sunan mai yi, babu bayanin abin da ke ciki, sai launi mai kyau da araha, ka bar wa mai shi kayansa.

Me ke faruwa in an gauraya? Ba zan tsorata ku da ƙarya ba, inji ba ya mutuwa ran nan. Abin da ya fi yawa shi ne kowane magani ya raunana ɗan'uwansa, ka biya kuɗin na shekara 5 ka sami wanda bai kai 2 ba, kai kuwa kana zaune da tsammanin kana da kariya. Wani lokaci kuma, musamman in tsohon ruwan ya gaji ko akwai datti, silikat ya kan rabu ya yi kauri, ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Akwai galan da a ke rubuta wa cewa ya dace da kowace mota. Don ciko a kan hanya ba laifi, amma ni ba na ɗora taraktar jama'a a kan wannan alkawari alhali littafinta ya faɗi abin da ta ke so.

Manyan injunan dizal suna da nasu ciwo daban. A cikin da yawansu, irin na John Deere, silif, watau bututun da fistin ke kai da kawowa a ciki, bayansa yana taɓa ruwa kai tsaye. Duk bugun da inji ya yi, silif ya kan girgiza, ƙananan kumfa su taso a jikinsa su fashe da ƙarfi, suna tsattsagar ƙarfen kaɗan kaɗan kamar yadda gara ke cin azara. Ran da suka huda shi sai ruwa ya gangara cikin baƙin mai, ka zaro sandar awo ka ga mai ya koma kamar madara. Don haka a ke yin kulant na manyan dizal daban, wani da naitirait a ciki, wani da wasu magunguna masu wannan aiki. Na ƙaramar mota bai isa ba, ko da launinsu ɗaya. Tsohuwar tarakta mai lagireton tagulla da aka liƙe da dalma kuwa, tsohon irin nan kore ya fi dacewa da ita, sai dai ka riƙa juyewa a kan kari.

Injin ban ruwa ƙarami na fetur ba ya cikin wannan magana, iska ke sanyaya shi. Injin niƙa mai buɗaɗɗen tanki ko duro shi ma ruwa mai tsabta ya ishe shi, tun da kullum tururi ya ke tashi ana ƙarawa.

In ka yi niyyar canja iri, ko ka sayi mota ba ka san abin da ke cikinta ba, sai ka fitar da tsohon gaba ɗaya. Ka bari inji ya huce sarai, domin buɗe murfi da zafi ya sale wa mutane da yawa fuska da hannu. Ka kwance magudanar lagireto, ka nemi ta jikin inji ita ma ka kwance, don ta lagireto kaɗai ba ta fitar da fiye da wajen rabin ruwan. Ka mayar, ka cika da ruwa mai tsabta, ka ta da inji har ya ɗau zafi, in mota ce ka kunna hita don ruwa ya bi ta can, ka kashe, ka jira ya huce, ka juye. Haka za ka yi ta maimaitawa har abin da ke fita ya zama garau. Taraktar da na ba ku labari sai da aka kwance lagiretonta aka kai wa masu wanki, wanka a tsaye bai ishe ta ba.

Wajen zuba sabo, ka fara duba galan: akwai wanda aka riga aka gauraya, ba a ƙara masa ruwa, akwai kuma mai kauri. In mai kauri ne, ka duba lita nawa injinka ke ci, ka fara zuba rabin wannan adadi zalla, sa'an nan ka cike da ruwa, saboda ruwan wanki da ya maƙale a ciki ya riga ya shiga lissafi. Kada ya gaza kashi 1 cikin 3, in ba haka ba maganin tsatsa ya yi kaɗan. Kada kuma ka zuba shi zalla kana cewa ya fi ƙarfi, ruwa ya fi gilaikol ɗaukar zafi, injin da aka cika da mai kauri kaɗai ya fi saurin zafi. Bayan ka cika ka bar inji ya yi aiki kaɗan don iska ta fita, washegari da safe ka sake dubawa ka ƙara. Sa'an nan ka rubuta iri da kwanan wata a littafin ƙungiya, ko da fenti a cikin murfin inji, don direban da zai zo bayanka.

Ruwan gaurayawa shi ma abin dubawa ne. Ka leƙa cikin butar mai shayi da ke dafa ruwan burtsatse, farin ɓawon nan da ka gani shi ne zai kwanta a cikin injinka ya hana zafi fita. Tataccen ruwa da a ke ƙara wa batir shi ya fi, amma ka tabbata ba mai asid aka miƙo maka ba, don duka biyun ana ce musu ruwan batir a kasuwa. In babu, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta aka tace ya fi na rijiya. In ruwa ya ƙare maka a daji, ka jira inji ya huce ka cika da ruwa mai tsabta ka isa gida, ya fi ka zuba irin da ba ka sani ba. Amma ruwan da ke raguwa kullum yana da inda ya ke bi, ka duba tiyo da murfi da famfo. Na kuma san bakanikai da yawa su kan cire tamostat da zarar mota ta yi zafi, suna cewa kayan ƙasar sanyi ne. In ya lalace a sa sabo, cirewa ba ta wanke lagireton da ya toshe.

Tsohon ruwan da ka juye dafi ne. Gilaikol yana da ɗan zaƙi, akuya da kare su kan lashe shi in ya kwanta a ƙasa, yaro kuma in ya gan shi a robar lemo zai ɗauka abin sha ne. Ɗan kaɗan yana kashe ƙoda. Wanda ya sha da fari kamar mai maye ya ke, ya kan ma yi kamar ya warware kafin ciwon ya kama shi sosai, saboda haka a kai shi asibiti nan take, a tafi da galan ɗin likita ya gani. Ka tare abin da ka juye a jarka mai murfi, ka rubuta a jikinta, kada ka zubar kusa da rijiya, ko fadama, ko inda dabbobi ke sha.

Mako mai zuwa za mu duba yadda a ke gwada tsiron iri kafin a kai shi gona.