Ƙura da zafi: abokan gabar tsoffin kayan kiɗan lantarki

A 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa, La Musique Électronique du Niger, a Yamai da wata ogan ƙirar Italiya. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013, duniya ta saurara. Sai dai irin wannan na'ura, idan ta lalace a gari kamar Dakoro, mai gyaran rediyo kaɗai ne gatanta, don kayan canji sun yi ƙaranci.

Gyaran kuwa bin sawu ne. Ana fara auna wutar da ke shiga da mita. Gurnani marar yankewa yawanci kwandansa ce ta bushe, kuma zafin bazara na gaggauta hakan. Maɓalli ɗaya ya yi shiru, galibi ƙurar hunturu ce ta toshe mahaɗinsa, shara ta wadatar. Idan kuwa sauti guda ya ɓace daga sama har ƙasa, laifin yana wurin da ake samar da shi, domin daga can ake rarraba shi.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne gaggawar sauya sassa da dalma kafin a auna. Kuma babbar kwandansa na iya riƙe wuta ko bayan an cire fulogi.