Yaronka yana karanta Turanci, amma yana fahimta kuwa?

Iyaye da yawa a biranenmu sun fi son makarantar da ake cin tarar yaro idan ya yi Hausa a aji. A ganinsu, da wuri aka tsoma yaro cikin Turanci, da wuri zai iya karatu. Masu binciken yadda ake koyon karatu sun daɗe da nuna cewa ba haka abin yake ba.

Karatu aiki biyu ne: haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma, sannan a gane abin da aka faɗa. Yaron da aka fara masa da harshen da ba ya ji, an ɗora masa duka biyun lokaci guda. Galibi sai ya riƙe na farko ya saki na biyu. Zai rera maka shafi guda tiryan-tiryan, ka tambaye shi me labarin ya ce, ya yi zuru. Ga rubutun Turanci da rikici, harafi ɗaya ya ba da sauti iri-iri, alhali Hausar boko kusan yadda ake furta ta haka ake rubuta ta.

An gwada fara karatu da harshen gida a nan Najeriya. A 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara 6 na firamare, Turanci kuwa darasi ne kawai. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, sun ma zarce su a darussa da dama. Nijar ma ta buɗe irin waɗannan makarantun gwaji tun 1973, daga Damagaram. Dalilin, kamar yadda masani Jim Cummins na Kanada ya bayyana, shi ne dabarar karatu sau ɗaya ake koyonta, sai yaro ya haura da ita zuwa harshe na biyu.

Kada dai a ɗauka cewa Turancin zai zo da kansa. Sai yaro ya yi ta jin sa, ya tara kalmomi, don wani bincike ya nuna mai karatu yana bukatar sanin kusan kalma 98 cikin 100 na shafi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba.

Saboda haka, iyaye, ku daina auna ilimin yaro da zaƙin lafazinsa. Idan ya gama karanta muku, ku sa ya rufe littafin ya ba ku labarin da Hausa. In ya kasa, ku je ku ga malaminsa.