Babi na Bakwai: Kura ko Ƙura?

Turawa suna da wata dabara ta koya wa yara alamomin rubutu da wasa. Lynne Truss ta Ingila ta fitar da littafi a kan waƙafi da aya a 2003, sannan a 2006 aka yi na yara mai hotuna: jimla ɗaya sau biyu, an gusar da waƙafi kawai, hotuna biyu kuma sun yi hannun riga. Yaro ya yi dariya, darasi ya zauna.

Mu namu abin dariyar ya fi nasu yawa, domin muna da haruffa masu ƙugiya. Zana kura ta miƙe daga barci a shafin hagu, ka rubuta "kura ta tashi". A na dama zana mota ta wuce ta turnuƙe layi, ka rubuta "ƙura ta tashi". Ɗan aji biyu a unguwar Kurmin Sarki ta Suleja ba ya neman fassara. Ya sha ƙurar rani a hanyar makaranta, kura kuwa ya san ta tun daga tatsuniyar Gizo. Haka baki da baƙi, haka gada da gaɗa. Mai zane zai gaji kafin misalai su ƙare.

Nan ne wani zai ce maka, "Ai Hausa ce, kowa ya rubuta yadda ya ga dama, za a gane." Wa ya ce? Tun 1912 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin rubutun boko. A da ɗigo ake ɗiga wa harafi a ƙasa, ko a rataya masa alama a gefe, kafin ɓ, ɗ da ƙ su samu shiga a shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, zamanin da Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce. An sake zama a kan lamarin a Bamako a 1966. Duk wannan wahala, sai mai fentin allon shago ya zo ya shafe ta da buroshi ɗaya, yaro kuma allon shago yake fara karantawa kafin littafi. Suleja ma gari ne da yara da yawa Hausar kasuwa suka koya ba ta gida ba, wasunsu ba sa rarrabe k da ƙ a baki. Idan takarda ba ta nuna musu ba, wa zai nuna?

Sauran kuwa, wato aya, waƙafi, ruwa biyu, alamar tambaya, da raba "ya na" da "yana", malami zai iya da alli. Amma karin sauti da tsawon wasali ba a rubuta su a boko na yau da kullum, don haka fari na launi da fari na rashin ruwa kamarsu ɗaya a takarda. A nan hoton ne kaɗai zai raba gardama.