Idan Annoba Ta Shigo, Ina Almajiri Zai Nufa?

'Yan'uwa Musulmi, duk wanda ya zauna a ƙasar Gummi, ko Anka, ko Bukkuyum, ya san cewa da an kawar da amfanin gona malamai sukan ɗebi almajiransu su tafi cin rani, wasu kuma su shigo daga ƙasashen Kabi da Sakkwato. Wannan tafiya ta neman ilmi gado ce mai albarka. Amma akwai tambayar da ya kamata kowane malami da kowane uba ya amsa tun kafin ranar ta zo, watau idan cuta mai yaɗuwa ta ɓulla, ina za a kai yaran nan?

Mun ga yadda aka amsa ta a shekarar 2020. Ran 27 ga Fabrairu aka sami mutum na farko mai cutar korona a Legas, kafin ƙarshen Maris kuwa an rufe makarantu a Jihar Zamfara da sauran jihohi. Ga 'yan makarantar boko na jeka-ka-dawo abin ya zo da sauƙi, domin gidajen iyayensu na nan cikin gari. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare ma sun koma cikin watan Agusta, suka rubuta jarrabawarsu.

Amma al'amarin makarantun allo dabam ya kasance. Cikin watan Afrilu gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka cika motoci da yara, aka tsallaka da su iyakokin jihohi. Da aka auna waɗanda aka kai Kaduna da Jigawa daga Kano, sai aka iske da yawa daga cikinsu suna ɗauke da cutar. Niyyar ta alheri ce, amma mota ɗaya ta haɗa mai ciwo da mai lafiya tsawon tafiya.

To, addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira annoba ta faɗa wa ƙasar Sham, wadda ake kira annobar Amwas, har ta yi sanadin rasuwar Abu Ubaida bin Jarrah da Mu'azu bin Jabal, Allah ya yarda da su. Sayyidina Umar yana kan hanyarsa ta zuwa can, ya iso wani wuri da ake kira Sarga, sai labari ya riske shi. Ya yi shawara da Sahabbai, ya yanke a juya. Sa'an nan Abdurrahman bin Auf ya zo ya shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana waɗanda ke cikinsa su fita don gudunta.

Mai karatu ya lura, hanin nan kashi biyu ne. Mun fi riƙe kashin farko, muka manta da na biyu. Likitoci kuwa sun bayyana hikimarsa. Ƙwayar korona takan ɓuya a jikin mutum har kwana 14 kafin ta nuna alama. Kyanda ma, wadda ta fi yi wa yaranmu ɓarna lokacin bazara, takan yi kwana 10 ko fiye kafin zazzaɓi ya fara, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna da mai ita, wajen 9 za su kamu. Saboda haka yaron da aka sallama da lafiyarsa yau, yana iya kai wa ƙannensa cutar a ƙauyen da babu asibiti.

Abin da ya dace, makaranta ta shirya riƙe yaranta. Malam ya ajiye littafi mai sunan kowane almajiri da na mahaifinsa da garinsu. A keɓe ɗaki ko rumfa inda za a kwantar da wanda zazzaɓi ya kama, a sanar da ma'aikatan lafiya nan da nan. A rage cunkoson wurin kwana, a ajiye ruwa da sabulu a bakin zaure, a daina karɓar sababbin almajirai sai an sami sauƙi. Uba kuma kada ya miƙa ɗansa ga malam sai ya tabbata an yi masa allurar kyanda, wadda ake fara yi tun yaro yana wata 9.

Amma fa almajiri ba zai zauna wuri ɗaya da yunwa ba. Idan an hana shi yawon bara, wajibi ne tuwo ya iske shi inda yake. Nan ne nauyi ya hau kan masu unguwanni da attajirai da masu fid da zakka, da kuma iyayen da suka haife shi. Wanda ya ciyar da makarantar allo mako biyu lokacin annoba, ya tsare garinsa ne baki ɗaya.

Allah ya kiyashe mu, ya raya mana zuriya, amin.