Ko Kun Sani? Wasan Yara Ma Yana Da Ranarsa

A shekarar 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 11 ga Yuni a matsayin Ranar Wasa ta Duniya. Tun 1989 ma Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta sa wasa cikin haƙƙin kowane yaro, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1991.

A tsakar gidajen unguwannin Kawo da Badarawa da Unguwar Shanu, wasan yara a fili yake. Yarinya ta goya 'yar tsana da ɗankwalin mamanta, ta jera murafen kwalba a matsayin tukwane, ta tuƙa tuwon ƙasa, ganyen darbejiya ya zama miya. Yayanta kuwa na jan motar gwangwani mai tayar tsohon silifas, yana ƙwala kiran fasinjan Zariya kamar ɗan kamasho a tashar Kawo.

Masana tarbiyyar yara sun lura cewa irin wannan kwaikwayo kan fara ne kafin yaro ya cika shekara 2, daidai lokacin da bakinsa ke buɗewa. Sai dai a kula: ƙananan kayan wasa kan shaƙe ɗan ƙasa da shekara 3 idan ya jefa su baki.